Mu Kashe Sifika Mu Ji Waƙa: Shawara Ga 'Yan Uwa Mazauna Legas

Da izinin shugabanni da iyayenmu na wannan ƙungiya, ina so in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke sauraron waƙa a bukukuwanmu da tarukanmu a nan Legas. Wani zai ce ga tsadar abinci, ga kuɗin haya, ga kuɗin makarantar yara, wa ke ta waƙa? Ina roƙon mai wannan tunani ya yi haƙuri ya karanta zuwa ƙarshe, domin maganar ta shafi aljihunmu, ta kuma shafi harshen da 'ya'yanmu za su tashi da shi.

Watannin baya na je bikin 'yar wani ɗan uwa a wani ɗakin taro a yankin Agege. An ɗauko mawaƙi takanas daga Arewa, an biya masa kuɗin jirgi da masauki, an jera sifikoki kamar buhunan masara. Ƙarar ta kai idan za ka gaisa da na kusa da kai sai ka kai baki kunnensa. Ana tsakiyar rawa da liƙi sai janareta ya mutu. Wuta na ɗaukewa, muryar mawaƙin ta ɗauke tare da ita. Muka ga bakinsa yana motsi, babu abin da ke fita. Ashe tun farko mamin yake yi, waƙar da aka naɗa a situdiyo ce ke tashi, shi nasa riƙe makirufo da tsalle. Kusan minti goma ana gyaran janareta, bawan Allahn nan bai iya ɗora ko baiti ɗaya da bakinsa ba.

Zafi ya kore ni waje tare da yarona mai shekara goma sha ɗaya. A inda ake ajiye motoci muka tarar da wani dattijo mai gurmi, wanda masu tsaron ƙofa suka hana shiga saboda ba shi da katin gayyata. Yana zaune a kan benci yana yi wa direbobi da 'yan acaba waƙar noma. Mutanen da ke wurin ba su fi ashirin ba, kuma kowa ya yi tsit. Can sai yarona ya ja mini riga ya ce, "Baba, mene ne rumbu?" A Legas aka haife shi, bai taɓa ganin rumbu ba. Awa biyu ya yi a cikin ɗakin taro bai tambaye ni ma'anar kalma ɗaya ba, saboda babu kalmar da ta shiga kunnensa. Minti biyar a gaban mai gurmi, ya fito da tambaya. Tun daga ranar abin bai bar raina ba.

Abin mamaki shi ne, wannan zama da muka raina, a can Amurka an mayar da shi ɗaya daga cikin shirye-shiryen waƙa da aka fi kallo a intanet. Matasanmu da yawa sun san shirin Tiny Desk na gidan rediyon NPR da ke birnin Washington. Ma'anar sunan ɗan ƙaramin tebur. Ga yadda ya samo asali. A shekarar 2008 wasu ma'aikatan gidan rediyon guda biyu, Bob Boilen da Stephen Thompson, suka je wani bikin waƙe-waƙe da ake yi a birnin Austin na jihar Texas. Suka shiga wani wurin shaƙatawa don sauraron wata mawaƙiya mai sanyin murya mai suna Laura Gibson, amma hayaniyar mutane ta hana su jin abin da take rerawa. Cikin raha Stephen ya ce gara ta zo ta yi waƙar a gaban teburin Bob a ofis. Ta amsa, ta zo da jitarta, suka ɗauki bidiyo suka sa a intanet. Daga wannan raha aka faro shirin, kuma zuwa yau an yi irin wannan zama fiye da dubu ɗaya.

Tsarin nasu ba shi da wuya. Mawaƙi, komai girman sunansa, zai tsaya a bayan tebur a cikin ofis, kantocin littattafai da fayafayai a bayansa, ma'aikatan gidan suna tsaye a gabansa suna saurare. Zai yi waƙa uku zuwa biyar, kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin. Makirufon da ke wurin na ɗaukar sauti ne kawai, ba a tura muryar mawaƙi cikin sifika don mutanen ɗakin. Saboda haka dole mai ganga ya sassauta hannu, mai fiyano ya rage, har muryar mai waƙa ta fito da kanta. Wanda ba shi da murya ba shi da wurin ɓuya.

A shekarar 2014 wani mawaƙin Amurka mai suna T-Pain ya je wannan tebur. An san shi da amfani da Auto-Tune, manhajar kwamfuta mai gyara murya, har mutane da yawa suna ganin ba don na'ura ba da bai iya komai ba. Ya zauna a kujera, mai fiyano ɗaya a gefensa, ya rera waƙoƙinsa da muryar da Allah Ya ba shi. Miliyoyin mutane suka kalla, kuma masu yi masa dariya suka kama bakinsu. Mawaƙan ƙasarmu ma sun je. Burna Boy ya yi nasa a 2019. Lokacin annobar korona, da aka koma kowa yana naɗo nasa daga inda yake, Tiwa Savage ta yi nata a nan Legas, a shagon littattafai da fayafayai na Jazzhole da ke Ikoyi. Daga maƙwabtanmu Buzaye, ƙungiyar Tinariwen ta Mali ta yi, Mdou Moctar na Nijar shi ma ya yi.

Ban kawo wannan labari don in ce mu kwaikwayi Amurkawa ba. Na kawo shi ne don mu ga cewa abin da suka gano bayan hayaniya ta ishe su, mu a cikinsa muka tashi. Duk wanda ya girma a Arewa ya san zaman zaure bayan sallar isha'i, ko zaman dandali a farin wata, inda mai molo ko mai garaya zai zauna a tabarma ɗaya da masu sauraronsa. Ya san yadda mata ke kifa ƙwarya a tsakar gida ranar suna, da yadda 'yan mata ke buga shantu a ɗakin amarya.

Mu ɗauki marigayi Dokta Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kayan aikinsa kuntigi ne, gwangwanin kifi da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya. Zai shiga aljihun babbar riga. Ba shi da 'yan amshi, shi ke kiɗa shi ke waƙa. Da wannan ɗan gwangwani ya yi wa karen mota waƙa, ya yi waƙa a kan auren dole, ya yi a kan gulma, ya yi a kan wuyar gane halin ɗan Adam, kuma ya zaga ƙasashen duniya da shi. Haka Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa. Haka Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka da kukumarsu. Haka Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙoren amadarta. Ga kuma Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho, mai waƙoƙin Imfiraji, wanda ba ya buƙatar kiɗa ko kaɗan, murya da hikima kawai.

Gaskiya ne ba duk kiɗanmu ne na ɗaki ba. Tambari da kakaki da algaita na fada ne da filin hawa. Kalangun dambe na fage ne. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya cika manyan filaye da makaɗansa da 'yan amshinsa. Amma ko a nan akwai abin lura. Shata a gaban jama'a yake ƙirƙirar baiti, ya hango wanda ya shigo ya sa shi a waƙa nan take. Da lasifika ta lalace ana tsakiyar wasa, waƙarsa ba za ta tsaya ba, domin a bakinsa take.

To me ya sa nake ganin mu da ke zaune a Kudu mun fi kowa buƙatar dawo da ƙaramin zama?

Dalili na farko shi ne harshe. Yaron da ke Kano ko Sakkwato ko Katsina, ko bai saurari waƙa ba zai tsinci Hausa a titi da kasuwa da makarantar allo. Namu na nan fa? A makaranta Turanci, a layi Yarbanci da Burokin, Hausa sai ɗan abin da ya samu a gida. Da yawansu suna jin Hausar aike, "je ka sayo", "kawo ruwa", amma ka yi musu karin magana sai su yi ta kallonka. Waƙa na daga cikin manyan ma'ajiyar kalmominmu. Sunayen itatuwa da na hatsi, kirarin sana'o'i, habaici da zambo, tarihin garuruwa, duk suna ciki. Amma sai an ji kalma ake tambayar ma'anarta. Inda ƙarar kiɗa ta danne murya, yaro zai yi rawa ya gaji ya koma gida bai ƙaru da komai ba.

Dalili na biyu shi ne kuɗi. Kowa a cikinmu ya san abin da ake kashewa a kan ɗakin taro da kayan sauti da mai sa kiɗa da man janareta, kafin a zo kan kuɗin mawaƙi da liƙi. Mun san waɗanda suka ci bashi don kada a ce bikin 'yarsu bai yi armashi ba, amarya ta tare, uba yana ɓuyar masu bin sa kuɗi. Zaman tabarma ba ya cin ko kashi ɗaya cikin goma na wannan. Abin da aka tara kuma kai tsaye yake shiga hannun mai fasahar.

Dalili na uku shi ne masu fasahar kansu. A Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago akwai masu gurmi da masu kukuma da masu kalangu da suka zo neman abinci kamar kowa. Wasu suna bin rumfunan kasuwa ana ba su abin da ya sawwaƙa, ana yi musu kallon mabarata. Wasu sun rataye kayan kiɗan sun koma dako ko gadi. A cikinsu akwai wanda ya gaji sana'ar daga kakanni, yana ɗauke da waƙoƙin da ba a taɓa naɗa ba. Ranar da ya kwanta dama, shi ke nan, sun tafi tare. Ɗanmaraya da Shata sun yi sa'a gidajen rediyo da kamfanonin faifai sun adana muryoyinsu. Waɗannan na kusa da mu babu mai adana tasu, alhali kowannenmu yana yawo da wayar da za ta iya.

Akwai kuma maganar lafiya da maƙwabtaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin samun matsalar ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Mu kuwa har jarirai muke shiga da su gaban sifika. Sannan mun san hukumar kare muhalli ta jihar Legas, LASEPA, ta sha rufe wuraren shagali har da wuraren ibada saboda ƙara. Muna zaune ne cikin wasu ƙabilu, gida na jikin gida. Duk abin da zai rage ƙorafi tsakaninmu da maƙwabta riba ce gare mu.

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne.

Wasu iyayenmu da malamanmu za su ce kiɗa gaba ɗayansa abin gudu ne, me ya kai ƙungiya shirya shi? Ni ba malami ba ne, kuma ba zan yi fatawa ba. An san malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa, kowa ya bi abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Abin da zan ce shi ne, yawancin abubuwan da ake kuka da su a bukukuwanmu na yanzu, cakuɗuwar maza da mata, rawar da ba ta dace ba, watsa kuɗi ana takawa, wuce lokacin salla, babban taro ne ke jawo su. A ɗakin da mutum talatin ke zaune gaban dattawansu, mawaƙi ba zai iya sakin baki ba. Kuma ba dole sai da kiɗa ba. Muna da rubutattun waƙoƙi na wa'azi da na tarihi da na faɗakarwa, irin na su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, waɗanda da murya kawai ake rera su. Ana iya ware wani zaman domin su kaɗai, don wanda ba ya zama inda ake kiɗa shi ma ya samu nasa rabo.

Matasa kuma za su ce wannan maganar tsofaffi ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Za su ce aikin situdiyo ma fasaha ne, kuma mawaƙan zamani sun kai Hausa inda ba ta taɓa zuwa ba. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Ni ma ina da waƙoƙin Aminu Ala da Nura M. Inuwa da Ali Jita a wayata, kuma ina jin daɗinsu a mota. Ban ce a rufe situdiyo ba, ban ce a daina biki ba. Amma labarin T-Pain da na kawo ya nuna ƙaramin zama ba makiyin mawaƙin zamani ba ne. Shi ne ma wurin da zai nuna cewa ba na'ura ce ke yi masa aiki ba. Ina da yaƙinin a cikin yaranmu masu zuwa situdiyo a nan Legas akwai masu muryar da za ta ba mu mamaki idan aka kashe kwamfuta. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wanda kuma ya ga ba zai iya ba, ya samu dalilin komawa ya ƙara koyo, wannan ma alheri ne gare shi.

Wasu kuma za su ce mawaƙi da liƙi yake ci, wa zai zo ya yi wa mutum talatin waƙa? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana hannunmu. Idan muka gayyaci mutum, mu yi ciniki da shi tun kafin ya zo, mu biya shi haƙƙinsa cikin mutunci kamar yadda muke biyan tela ko makaniki. Liƙi yana da wata illa da ba mu cika faɗa ba: yana tilasta wa mawaƙi ya bar waƙar da ya zo da ita ya koma kiran sunayen masu kuɗi. Idan ya san kuɗinsa na aljihu, zai yi mana waƙar noma da ta zumunci da ta tarihi, ba sai ya yi ta wasa wane da wane ba.

Ga shawarar da nake miƙa wa shugabanni. Mu gwada sau ɗaya a wata, ranar Lahadi bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Wuri kuwa, ofishin ƙungiya ya isa, ko zauren wani dattijo, ko harabar gidan duk wanda ya ba da aro. A shimfiɗa tabarmi, kada a wuce mutum talatin zuwa arba'in, kuma kowane babba ya zo da yaro ɗaya aƙalla. Mawaƙi ɗaya, kayan kiɗa ɗaya ko biyu, waƙa uku ko huɗu. Babu sifika, babu janareta, babu tashi yin liƙi ana tsakiyar waƙa. Wanda ya ji daɗi yana so ya ƙara a kan abin da aka biya, a ajiye faranti a bakin ƙofa.

Bayan kowace waƙa a ba yara dama su tambayi kalmar da ba su gane ba, mawaƙin ko wani dattijo ya yi musu bayani. A bar mawaƙin ya faɗi garinsu, da wanda ya koya masa, da yadda ake haɗa abin kiɗansa. Mutum ɗaya kawai za a wakilta ya ɗauki bidiyo, sauran kowa ya mayar da wayarsa aljihu. Kada a sa bidiyon a ko'ina sai da yardar mai waƙar, kuma idan wani abu ya shigo ta dalilinsa, nasa ne. Iyayenmu mata da 'yan uwanmu mata su ma su shirya nasu zaman a cikin gida, da ƙwaryarsu da shantunsu, domin akwai waƙoƙin daka da na niƙa da na reno da 'yan matanmu na nan ba su taɓa ji ba, kuma tsofaffin da suka iya su suna ƙarewa.

Idan aka yi wata uku aka ga babu amfani, a bari, ba a yi asarar komai ba sai kuɗin shayi. Idan kuma ya karɓu, 'yan uwanmu na Sabo a Ibadan da na Shagamu da na Fatakwal da na Anaca za su iya ɗauka, kowa da masu fasahar da ke kusa da shi.

Dattijon nan mai gurmi na karɓi lambarsa a ranar, kuma na tambaye shi ko zai zo idan aka kira shi. Ya ce ko gobe ne. Ni kuma na ɗauki nauyin tabarmi da shayin zama na farko, in shugabanni sun amince. Ina roƙon a sa maganar cikin abubuwan da za a tattauna a taronmu mai zuwa, wanda ke da gyara ko suka ya kawo a can mu ji.

Yarona kuwa, da muka je gida hutun salla na kai shi bayan gidan kakansa na nuna masa rumbu. Ya leƙa ciki ya ga damman gero, ya ce ashe abin da mai gurmi ke faɗa ke nan.

Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya shirya mana zuriya, Ya jiƙan magabatanmu. Inda na yi kuskure a yafe mini.